Yadda Ake Dafa Zukini Mai Ɗurin Shinkafa Irin Na Girkawa, Babu Nama

Girkawa suna da wani rukunin abinci da suke kira ladera, wato kayan lambu da ake dafawa a hankali cikin man zaitun, galibi da tumatir, babu nama babu kifi. Cikin waɗanda suka fi farin jini a rukunin akwai yemista: a samu tumatir ko tattasai ko zukini (wani ɗan dangin kabewa mai kama da kokwamba), a ƙwaƙule cikinsa, a ɗura masa shinkafa da ganyayyaki masu ƙamshi, a gasa har komai ya yi laushi. Na zukini, wanda suke kira kolokitakiya yemista, shi zan koya miki a nan, uwargida, ta hanya biyu: gashin oben da miyar tumatir, da dahuwar tukunya da miyar ƙwai da lemon tsami.

Rashin naman yana da tushe. Mafi yawan Girkawa mabiya Cocin Otodoks ne, kuma shekararsu cike take da ranakun azumi irin nasu, wanda ba a daina ci da sha, amma ake ƙaurace wa nama da madara da cuku da ƙwai: kusan mako 7 kafin Ista, kwana 40 kafin Kirsimeti, kwana 14 na farkon Agusta, da Laraba da Juma'a a yawancin makonni. Matan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ciyar da iyali a irin waɗannan ranaku sun gano yadda za a sa shinkafa da albasa da ganye su ƙosar, su kuma yi daɗi da kansu. Saboda haka kada ki shiga girkin da tunanin cewa akwai giɓin da za ki cike da dunƙule ko kori. Babu shi.

Abin da za ki riƙe tun daga farko shi ne sha'anin ruwa. Kusan kashi 95 cikin 100 na zukini ruwa ne. Shinkafar tana shiga cikinsa ne da sauran ɗanyenta, ta ƙarasa nuna da ruwan da yake fitarwa, haɗe da na tumatir da man zaitun. Romon girkin ke nan. In ruwan ya yi yawa, abincin ya zama lami, ya caɓe. In ya yi kaɗan, shinkafar ta fito da tsakiya mai tauri. Duk matakan da ke ƙasa a kan daidaita wannan ruwa suke tafiya.

Zaɓen zukini

Zukini ɗan dangin kabewa ne da ake cirewa tun yana ɗanye, kafin ya ƙosa. Asalin danginsa nahiyar Amurka, amma wannan dogon nau'in a arewacin Italiya aka fitar da shi a ƙarni na 19, daga nan ya bazu a ƙasashen Bahar Rum. A ido yana kama da kokwamba, kuma mai sayen farko takan rikita su. Ki duba kansa: zukini yana da guntun kara mai kauri da kusurwoyi, kuma in an yanka shi cikinsa fari ne mai ɗan tauri, ba ya tsiyayar da ruwa nan take. Kokwamba ba za ta tsaya a madadinsa ba, narkewa take yi a wuta.

A Najeriya ana noma shi a Filato saboda sanyin yankin, daga can yake isa manyan kantuna da kasuwannin kayan lambu na birane. A Nijar ki tambaya da sunansa na Faransanci, kurjet. A Sudan da Masar da Saudiyya kusa ake ce masa, kuma Hausawan da ke zaune can sun san shi a cikin mahshi, wanda ɗan'uwan wannan girki ne, don dukansu sun ratso ta al'adar girkin daular Usmaniyya ta Turkiyya. In kin samu wannan gajeren mai koren da ya yi haske, ki ɗauke shi ba ja-in-ja. Irinsa Girkawa suke ɗurawa, fatarsa ba ta da kauri, kuma ya fi mai duhun kore zaƙi. In mai duhun ne kawai a kasuwa, shi ma ya yi.

Ki zaɓi miƙaƙƙu masu tsawon santimita 15 zuwa 18 da kaurin kamar santimita 5, masu tauri da ƙyallin fata, babu inda ya loɓa. Manya-manyan nan da ke jan ido sun riga sun tara 'ya'ya da ruwa, sirara kuma ba su ƙwaƙuluwa. Guda 8 sun ishi mutum 4 zuwa 5.

Kafin ki yi komai, ki yanko ɗan ƙanƙani daga kowanne ki ɗanɗana. Zukini mai kyau ba shi da ɗaci ko kaɗan. Wanda ya yi ɗaci sosai yana ɗauke da sinadarin kukurbitasin, wanda shi ne ke sa duma ɗaci, yana kuma jawo amai da gudawa mai tsanani. Dahuwa ba ta kashe shi. Ba kasafai ake gamuwa da irinsa ba, amma in kin gamu, ki jefar da shi gaba ɗaya.

Shinkafa, mai da ganye

Girkawa suna amfani da shinkafa mai gajeren ƙwaya ko matsakaiciya, irin su karolina da gilase, masu sitaci da saurin laushi. Mu nan ba mu da wahalar nema, domin shinkafar tuwo halinta ke nan. Tana shan ruwa, tana haɗe jikinta ba tare da ta zama dunƙule ba muddin an sa mata mai. Turararriyar shinkafar nan ta dafa-duka tana cin lokaci kafin ta nuna, zukinin zai riga ta lugwigwicewa. Basmati kuma warwatsewa take yi, ɗurin ya zube da zarar an yanka. Ma'aunin matan Girka shi ne babban cokali ɗaya mai tozo ga kowane zukini, a ƙara ɗaya ko biyu a kai. Ga guda 8 wannan ya kama giram 150, wato gwangwanin madara 1 cike.

Man zaitun kuwa mililita 150 ake bukata, babban cokali 10 ke nan. Na san yana da tsada, na kuma san hannu zai so ya rage. Amma a wannan girki man shi ke ɗaukar ƙamshin ganye ya kai shi cikin shinkafa, shi ke haɗuwa da tumatir ya zama miya, shi ne kuma ke ƙosarwa a inda nama ba ya nan. In aljihu bai kai ba, ki yi rabi man zaitun, rabi farin mai marar wari, ki soya albasa da farin, ki bar na zaitun don zubawa a sama. Man gyaɗa mai ƙarfin ƙamshi da manja za su canza abincin ya koma wani abu daban. Ki kuma karanta jikin kwalbar ki tabbatar na ci ne, don akwai wanda ake sayarwa don shafawa kawai.

Ganye uku ne ruhin ɗurin: fasli, na'a-na'a da dil, wani ganye mai ƙamshi mai siraran reshe kamar zare. Ki yanka su ƙanana, fasli ya cika kofi 1, na'a-na'a rabin kofi, dil rabin kofi. Za ki ga kamar sun yi yawa, ba su yi ba. Na'a-na'a tana ko'ina, fasli ma yana samuwa wurin masu kayan salak. Dil ne mai wuyar samu. In babu ɗanye, busasshe babban cokali 1 ya wadatar, in babu shi sam ki ƙara na'a-na'a da lawashi ki ci gaba, musamman a gashin oben inda tumatir ke da rinjaye.

Sauran kayan: albasa matsakaita 2, lawashi ɗanye reshe 4, tafarnuwa ƙwaya 3, tumatir manya nunannu 4, tumatirin gwangwani babban cokali 1, dankalin Turawa 3 ko 4, gishiri, masoro, sukari rabin ƙaramin cokali, da origano ko tayim kaɗan don dankali. Game da yaji, girkin Girkawa ba mai zafi ba ne, ko da yake mutanen arewacin ƙasar suna da dakakken barkonon da suke kira bukobo. In bakin mutanen gidanki ba ya karɓar abinci sai da zafi, ki sa ɗan dakakken barkono a ɗurin, ko ki kawo yaji a gefe. Attarugu da citta da kori suna danne na'a-na'a da dil, ki bar su.

Mataki na farko: ƙwaƙulewa

Nan ne aikin hannu yake, kuma nan ne ake bukatar natsuwa. Ki wanke zukinin ki tsane. Ki yanke kan mai kara kamar santimita 1 da rabi, ki ajiye shi don shi ne murfi. Ƙasan kada ki yanke, ki ɗan kankare busasshen wurin kawai. In zukininki ya haura santimita 20, ki raba shi biyu a tsakiya, kowane rabi ya zama yana da rufaffen gindi, sai ki ƙwaƙule daga inda kika yanka.

Akwai siririn ƙarfe na musamman da ake wannan aiki da shi, amma abin fere dankali mai tsini ko mariƙin ƙaramin cokali yana yi. Ki kwantar da zukinin a tafin hannun hagu, ki soka ƙarfen a tsakiya, ki riƙa juya zukinin kansa kina barin ƙarfen a tsaye. Ki ciro tsokar kaɗan-kaɗan. Amfanin riƙe shi a tafin hannu shi ne za ki ji motsin ƙarfen ta cikin bango, ki san kin kusa fasawa tun kafin ki fasa. Ki fara da buɗe rami siriri har zuwa kusa da ƙasa, sannan ki dawo ki faɗaɗa. Ki auna tsawon da ƙarfen daga waje, ki sa babban yatsa a inda ya kamata ki tsaya, wato santimita 1 kafin gindi.

Kaurin bangon da ake so rabin santimita ne. In ya fi haka kauri, wurin ɗuri ya ragu, kuma ruwan da zai fitar ya yi yawa. In ya fi haka siranta, zai rushe a wuta. Wanda ya ɗan huje kada ki zubar, ki toshe da guntun tsoka, ki juya wurin ya kalli sama lokacin jerawa.

Ki barbaɗa gishiri kaɗan a cikin kowanne, ki murza da yatsa, ki kife su a kwando minti 20 zuwa 30. Gishirin yana yin aiki biyu: yana shiga bangon da ba shi da ɗanɗano, yana kuma janye ruwan da zai tsinka miya daga baya.

Tsokar da kika ciro ki daddatsa ta ƙanana, ki sa mata gishiri ɗan tsunkule, ki bar ta minti 10, ki matse da hannu a kan kwano. Wannan ruwan da ya fito kada ki zubar. Da shi za ki dafa shinkafar, kuma yanzu yana hannunki, ke za ki auna yawan da zai shiga. Kashi biyu cikin uku na tsokar ya isa ɗuri, ragowar ki soya da ƙwai gobe da safe.

Wasu sukan tsaga zukinin gida biyu a tsaye su kwashe cikin da cokali don sauƙi. Ana yin haka, amma shinkafar da ke buɗe tana bushewa ta sama, don haka sai an kusa nunar da ita tun a kasko, an kuma rufe farantin sosai. Ni dai na fi son rufaffen, don a cikinsa ne shinkafar ke turaruwa da tururin zukinin kansa.

Mataki na biyu: haɗa ɗuri

Ki tsince shinkafar, ki rege in tana da tsakuwa, ki wanke sau biyu ko uku, ki tsane. Ki goga tumatir ɗin a abin goga kuɓewa, ta ɓangaren manyan ramuka: ki raba shi biyu, ki goga ta cikin, fatar za ta rage a hannunki. Gogaggen tumatir ya fi markaɗaɗɗe a nan, don injin markaɗe yana farfasa 'ya'yan ya kuma cika shi da kumfa. Ki raba shi gida biyu, rabi na ɗuri, rabi na miya.

Ki ɗora kasko mai faɗi a matsakaiciyar wuta da mai babban cokali 5. Ki zuba albasar da kika yanka ƙanana sosai, da ɗan gishiri, ki riƙa juyawa minti 8 zuwa 10. Ana so ta yi laushi ta yi zaƙi, ba ta yi ja ba. Kada ki gajarta wannan lokaci, zaƙin ɗurin gaba ɗaya daga nan yake fitowa. Ki sa lawashi da dakakkiyar tafarnuwa minti 1, sannan matsattsiyar tsokar zukini. Ki ɗan ƙara wuta ki juya minti 5 ko 6 har ta saki sauran ruwanta ya ƙone, ki fara jin ƙarar suya.

Sai shinkafa. Ki juya ta cikin man minti 2 har kowace ƙwaya ta yi ƙyalli. Ki sa tumatirin gwangwani ki juya, ki zuba rabin gogaggen tumatir da rabin kofi na ruwan zukinin da kika ajiye. Gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, masoro rabin ƙaramin cokali. Ki rage wuta ki bar shi minti 5 kacal, ki sauke.

Ga yadda za ki gane kin yi daidai. Ki ja cokali ta tsakiyar kaskon: hanyar da ya buɗe ta rufe a hankali, da ruwa-ruwa a gefe. Ki ciji ƙwayar shinkafa: wajenta ya fara laushi, cikinta da tauri sosai. In haɗin ya bushe har ya tsaya cak, ki ƙara ruwa cokali 3 ko 4. In kin bar shinkafar ta nuna a nan, ba abin da za ta sha a cikin zukinin, sai ta caɓe ta bar ruwan ya taru a faranti.

Bayan an sauke ne ake zuba ganye, ba a kan wuta ba, don kada ƙamshin ya tafi da tururi tun kafin a fara. Ki juya, ki ɗanɗana ruwan haɗin. Ya kamata gishirin ya ɗan fi yadda kike so a ƙarshe, saboda shinkafar za ta kumbura ta raba shi, zukinin ma zai ja nasa. Ki bar shi ya sha iska minti 10.

Mataki na uku: ɗurawa da jerawa

Ki kunna oben ya yi zafi a digiri 180. In naki na gas ne marar lamba, matsakaiciyar wuta.

Ki ɗura da ƙaramin cokali, kina ɗan buga gindin zukinin a tafin hannu don haɗin ya sauka da kansa. Kada ki danna da yatsa. Ki tsaya a kashi uku cikin huɗu. Shinkafa tana ninkuwa fiye da biyu in ta sha ruwa, in ba ta samu wuri ba sai ta tsaga bangon ko ta ƙi nuna a tsakiya. Ki tabbatar kowanne ya samu rabonsa na ruwan haɗin, ba tsabar shinkafa kaɗai ba. Ki juya murfin da kika ajiye ki toshe bakin da shi, in ya yi girma ki ɗan fere gefensa. In ɗuri ya rage, ki ƙwaƙule tattasai ko tumatir ɗaya ki zuba, haka ake yi a can ma.

Ki jera su a kwance cikin farantin gashi mai zurfi, wanda zai ɗauke su a matse, bakin kowanne ya jingina da gefen faranti ko da ɗan'uwansa. Faranti mai faɗi da yawa yana ƙone miya da wuri. Ki fere dankali ki yanka shi dogo-dogo da kauri, ki cuɗa da gishiri da masoro da origano, ki cusa a duk inda ya rage fili. Dankalin yana tokare zukinin, yana kuma shanye miyar, kuma a gidaje da yawa shi ake fara wawashewa.

Ki haɗa sauran gogaggen tumatir da ragowar ruwan zukini, ki cika da ruwan zafi har ya kai kofi 1 da rabi. Ki sa gishiri rabin ƙaramin cokali da sukari, wanda aikinsa kashe tsamin tumatir ne kawai. Ki zuba a kai, ki bi da sauran mai cokali 5 a saman komai. Ruwan ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin zukinin. Kada ya wuce haka, don zukinin zai ƙara nasa.

Mataki na huɗu: gashi

Ki rufe farantin da takardar foyil ki danne gefe sosai, ki gasa minti 50. A wannan lokaci turaruwa ake yi, kada ki buɗe. Sannan ki cire rufin, ki juya kowane zukini a hankali da cokali biyu, ki ɗebo miya ki kwarara a kansu, ki mayar a buɗe na minti 30 zuwa 40. A wannan zangon ruwa ke ƙonewa, fata ta yamutse ta yi ja-ja, gefen dankali ya gasu.

Agogo jagora ne kawai, ido ne alƙali. Wuƙa ta shige bangon ba tare da turjiya ba. Ki buɗe murfin ɗaya ki ɗebo shinkafa daga can ciki ki ɗanɗana. Sannan ki karkata farantin ki duba ƙasa. Matan Girka suna cewa abincin ya rage da mansa, wato ruwa ya tafi, sai miya mai kauri da mai yana kwance a gefenta, kamar dai yadda muke gane miyar dage-dage ta soyu in mai ya taso. In kin ga haka, ya yi.

In shinkafar na da tauri alhali farantin ya bushe, ki zuba ruwan zafi rabin kofi ta gefe, ki mayar da foyil, ki ƙara minti 15. In kuma shinkafar ta nuna amma ruwa na nan tsululu, ki ɗaga wuta zuwa 200 na minti 10, ko ki tsiyaye ruwan a ƙaramar tukunya ki ƙone shi a kan risho ki mayar.

Ki fitar ki bar shi aƙalla minti 30, in da hali awa 1. Wannan hutun yana cikin dahuwar. Shinkafar tana ƙarasa shanye abin da ya rage, zukinin yana kama jikinsa ya ɗauku ba tare da ya karye ba, ɗanɗanon ganye kuma ba ya fitowa sosai sai zafi ya sauka. Girkawa da ɗumi-ɗumi suke cin ladera, wani lokaci ma bayan ya huce sarai.

In babu oben: dahuwar tukunya da miyar abgolemono, wato ta ƙwai da lemon tsami

Wannan ba dabarar maneji ba ce, hanya ce ta asali, kuma a Girka zukini ya fi shahara da ita. Haɗin ɗurin ɗaya ne, sai dai ki cire tumatir duka biyun, ki sa ruwan zukini kofi 1 a madadinsu, ki ƙara dil in kina da shi. A nan ne rashin dil ya fi bayyana, don shi da lemon tsami abokan tafiya ne.

Ki shimfiɗa karan fasli da yankakken dankali mai faɗi a gindin tukunya mai kauri don kada ya kama. Ki jera zukinin a matse, kada ya wuce hawa biyu. Ki zuba sauran mai, da ruwan zafi mai ɗan gishiri har ya kusa rufe su. Ki kife farantin tangaran a kai ya danne su kada su yi ta birgima su zubar da ɗuri, sannan ki rufe tukunya. Da ya tafasa ki mayar da wuta can ƙasa, in gawayi ne ki janye garwashi, ya riƙa ɓararraka a hankali minti 40 zuwa 50. Ana so romo kamar kofi 2 ya rage. Ki sauke, ki cire farantin, ki bar shi minti 5.

Abgolemono ƙwai ne da ruwan lemo da romo, kuma sirrinta ɗaya ne: ƙwai yana guda-guda tun kafin ruwa ya kai ga tafasa, don haka a hankali ake saba masa da zafi. Ki samu ƙwai 2 waɗanda ba daga firij suka fito ba. Ki kaɗa farin har ya yi kumfa, ki sa gwaiduwa ki ci gaba da kaɗawa, ki zuba ruwan lemo. Lemon Girkawa babban rawaya ne, in shi kika samu cokali 6. Namu ƙaramin kore ya fi kaifi, ki fara da cokali 4, ki matse shi a hankali don kada ɗacin ɓawo ya shiga, ki tace 'ya'yan. Ƙaramin cokali 1 na garin sitacin masara da aka dama cikin ruwan lemon yana kare miyar daga tsinkewa, mai koyo ta sa shi.

Yanzu hannu ɗaya na kaɗawa, ɗaya na ɗebo romo mai zafi da ludayi yana tsiyayawa siriri-siriri. Ludayi 2 ko 3, har kwanon ya yi zafi a hannu. Ki juye a kan zukinin, ki kama hannayen tukunyar ki jujjuya ta don miyar ta zagaye, kada ki sa cokali. Ki mayar kan wuta mafi ƙanƙanta minti 2 ko 3 kina girgizawa, da ta yi kauri ki sauke. Kada ta tafasa, kada kuma ki rufe ta ruf tana da zafi.

Wadda ba ta cin ƙwai, ko mai bin ƙa'idar azumin can, sai ta dama fulawa ko sitacin masara babban cokali 1 da ruwan sanyi da lemon, ta zuba a romon. Wannan ita tana son ta ɗan tafasa minti 2 kafin ta yi kauri.

Ci da ajiya

Na oben ana cinsa da burodi mai tauri don dangwalar man, da yankin cukun feta a gefe in ba ranar azumi ba ce. Feta cuku ne mai gishiri da tsami da ake yi da nonon tumaki, ko a haɗa da na awaki har kashi 30, kuma tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wanda aka yi a wasu yankunan Girka. In bai samu ba, ki zuba kindirmo marar sukari a tsaftataccen ƙyalle ki rataye awa 2 ya tsane, ki sa masa gishiri kaɗan. Girkawa ma suna cin wannan abinci da tsanannen yogot, don haka ba ki kauce hanya ba.

Washegari ya fi daɗi, amma dafaffiyar shinkafa ba ta son zama a zafi. Da ya huce ki sa a firij, kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi ma awa 1. Yana kwana 3 in ba a ɗauke wutar lantarki. In ba ki da tabbacin wuta, ki dafa iya na ci ɗaya. Mai miyar ƙwai a wuta kaɗan ake ɗumama shi, ba a tafasawa.

In hannunki ya faɗa, akwai salon Girkawan Santambul da gaɓar Turkiyya, waɗanda girkinsu ya bazu a Girka bayan musayar al'umma ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya, lokacin da mutum fiye da miliyan 1 suka koma Girka. Su suna ƙara busasshen inabi cokali 3, da 'ya'yan fain (wasu ƙananan ƙwayoyin itace masu maiƙo kamar gyaɗa) da aka ɗan soya cokali 3, da ɗan tsunkulen kirfa a ɗurin. Dakakken kashu yana tsayawa a madadin 'ya'yan fain. A tsibirin Kirit na Girka kuma furen zukini suke ɗurawa da wannan haɗi. Da sassafe ake tsinkarsa yana buɗe, don da rana ta ɗaga yake tsukewa. In kina da kabewa a bayan gida da damina, furenta yana yi: ki tsinki namijin, wato mai siririn kara wanda ba shi da ɗan ƙullutu a gindi, ki cire zaren da ke tsakiya, ki ɗauraye a hankali, ki sa haɗi ƙaramin cokali 1 ko 2, ki naɗe bakin. Ki jera su a matse a ƙaramar tukunya da mai da ruwan da ya kusa rufe su, ki danne da faranti, minti 30 a ƙaramar wuta sun isa.